Kayan Sautin Alhaji Maharazu

Akwai wani mutum a garin Kura da ake kira Alhaji Maharazu Mai Inji. Duk manomin da ya taɓa kai shinkafa casa a wannan yanki, daga Kura har Bunkure, ya san shi.

Da ƙaramin inji guda ɗaya ya fara, a wata rumfar kwano a bakin titi. Shi ke tayar da injin, shi ke zuba shinkafa, shi ke kwashewa. Shekara ashirin da biyu ya yi a gindin inji, daga hantsi har faɗuwar rana, cikin ƙara da ƙurar buntun shinkafa. Allah ya buɗa masa. Rumfar kwano ta zama kamfani mai katanga, tireloli suna layi a ƙofarsa lokacin girbin rani.

Amma injin bai bar shi haka ba. A hankali ya ci masa kunne. Ba kurmancewa ya yi ba, yana jin magana idan an ɗaga murya, sai dai ƙananan sautuka sun daina isa gare shi. Kukan tsuntsu, ƙarar cokali a kofi, raɗa, duk sun wuce shi.

Mutanen gidansa da ma'aikatansa sun gane tuntuni, kowa ya saba yi masa magana da ƙarfi. Babu wanda ya taɓa faɗa masa, domin Alhaji Maharazu mutum ne da ba a gaya wa abin da ba ya so. Shi kuwa a ganinsa mutanen yanzu ne suka koyi magana ƙasa-ƙasa.

Wata rana ya je Kano gidan wani attajiri mai sayen shinkafarsa, Alhaji Garzali. Bayan an ci abinci, Garzali ya ja baƙinsa zuwa wani ɗaki na musamman, ya kunna musu kayan sautin da ya shigo da su daga waje. Wani yana girgiza kai, wani yana cewa kamar makaɗin yana zaune a gabansu. Maharazu bai ji wani abin mamaki ba. Ya ɗauka don yana zaune can bakin ƙofa ne, sai shi ma ya riƙa gyaɗa kai.

Da ya tambayi inda ake samun irinsu, Garzali ya dafa kafaɗarsa yana dariya.

"Bar wannan, Maharazu. Ba na kowa ba ne. Ku can Kura rediyo mai batir ta ishe ku."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Amma tun daga Kano har ya iso gida maganar tana cin ransa. Kafin mako ya zagayo ya nemo dillalin da ya kawo wa Garzali, ya ce a kawo masa waɗanda suka fi na Garzali, ko nawa ne.

Bayan wata biyu kayan suka iso cikin akwatunan katako. Sifiku biyu, kowace ta kai tsayin mutum, jikinsu yana sheƙi har kana ganin fuskarka. Amfilifaya mai nauyi da sai da ƙarti biyu suka ɗaga, a samanta an jera wasu kwalabe da suke yin ja idan sun ɗauki zafi. Wayoyinsu kuwa kauri kamar igiyar ɗaure sa. An ce abin da ya biya zai sayi sabuwar tarakta.

Falon matarsa Hajiya Khaulat ne ya fi girma a gidan, don haka ya ce ta kwashe kayanta. Ta kwashe.

Ranar da aka fara kunnawa, Maharazu ya zauna a tsakiyar kujera ya harɗe ƙafa. Aka sa masa irin waƙoƙin noma na da can da yake so, masu kalangu da amshi. Ya saurara, ya saurara, sai ya ɓata fuska. Ya ce muryar mawaƙin kamar daga cikin rijiya take fitowa, kalangun ma ba shi da kaifi.

Ya kira dillali a waya. Dillali ya ce wutar Kura ce ba ta da ƙarfi, irin waɗannan kaya ba sa son wuta mai hawa da sauka. Aka sayo babbar sitabilaiza. Sauti bai canza ba. Dillali ya ce to sai an yi musu sola tasu su kaɗai. Aka hau rufin gida aka jera, aka cika wani lungu da batura. Sauti bai canza ba.

Daga nan aka ce ɗakin ne. Aka shimfiɗa kafet mai kauri, aka rataya labule har a jikin bangon da ba shi da taga. Aka ce sai kwalaben sun yi rabin awa suna ɗumi kafin su ba da ainihin muryarsu. Maharazu ya riƙa zama yana kallon agogo kamar mai jiran shan ruwa, rabin awa ta cika, ya kunna, ya ji abin da ya saba ji.

Ga kuma abin da dillali bai faɗa masa ba. Gidan yana kusa da kamfani, ƙurar buntu tana shiga ta kowace kafa ta kwanta a kan kayan. Ɓerayen da suka ƙoshi da shinkafa suka gano wayoyin, suka gaigaye ɗaya. Tsofaffin kasusuwan waƙoƙin da ya tara shekara da shekaru kuwa babu inda za a sa su, domin kayan ba su da gidan kaset.

Abu ɗaya ya rage masa, ya ƙure ƙara. Ya riƙa murɗawa har gilasan taga suna rawa, kwanukan kicin suna amsawa. Malamin Islamiyyar da ke bayan gidan ya aiko a roƙe shi ya rage lokacin karatu, don ɗalibai ba sa jin juna. Maharazu ya ce a gaya wa malam filin makarantar ma idan na sayarwa ne zai saya.

Hajiya Khaulat ta fara fama da ciwon kai. Wata rana da yamma ta kawo masa shayi, ta durƙusa kusa da shi, ta ce cikin ladabi ko zai daure ya je a duba masa kunne, tunda ita daga tsakar gida tana jin komai tangararas. Ya kalle ta, ya ture kofin da ƙafa. Mako biyu bai ci abincinta ba, bai amsa gaisuwarta ba. Ba ta sake tayar da maganar ba.

A bakin kasuwar Kura akwai wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin, sunansa Baballe. Ya girmi Maharazu da kamar shekara takwas, unguwarsu ɗaya suka tashi. Lokacin da Maharazu yake da inji guda, Baballe ne yake zuwa ya gyara masa wayoyin wuta idan sun ƙone, sau da yawa ko sisi ba ya karɓa. Mutum ne siriri, mai sanyin murya, yana fama da asma tun yana yaro, kullum abin shaƙarsa yana aljihun gaba. Mutane suna barin kayansu a shagonsa wata da watanni ba tare da fargaba ba.

Da dillali ya daina ɗaukar waya, sai Maharazu ya aika a kira Baballe.

Baballe ya shigo falon ya cire takalmi, ya daɗe a tsaye yana kallon kayan. Ya ce shi bai taɓa taɓa irinsu ba, amma zai duba iyakar saninsa. Kwana uku ya yi yana zuwa. Ya share ƙurar da ɗan burushi mai laushi, ya gyara wayar da ɓera ya ci, ya gwada kowace kwalba, ya matsar da sifikun kaɗan daga jikin bango. A rana ta uku ya kunna a hankali, ya zauna a ƙasa shi kaɗai ya saurara. Hajiya Khaulat ta ce ta leƙo ta gan shi yana murmushi, idonsa a rufe.

Ranar Juma'a ce. Maharazu ya riga ya gayyaci mutane su zo bayan an sauko daga masallaci, manyan manoma, masu injinan casa, har da Alhaji Garzali daga Kano. Falo ya cika. Baballe yana tsugune a gefe kusa da wayoyi.

Aka kunna.

Jama'a, waɗanda suka halarta sun ce ba su taɓa jin abu irin wannan ba. Kana jin yatsun makaɗin a kan fatar kalangu. Kana jin mawaƙin yana jan numfashi kafin ya ɗauko baiti. 'Yan amshi kuwa kamar suna tsaye a bayan kujera. Wani tsohon manomi ya waiga don ya ga ko akwai mutum a bayansa. Garzali da kansa ya miƙe ya zagaya sifikun, ya ce gaskiya waɗannan sun fi nasa.

Maharazu yana zaune yana kallon fuskokinsu. Shi abin da yake ji bai wuce abin da ya saba ji ba, murya daga cikin rijiya. Sai zuciyarsa ta ba shi cewa haɗa baki suka yi suna yi masa ba'a, kamar yadda aka yi masa a Kano. Ya kashe kayan, ya juya ga Baballe, ya tambaye shi me ya yi kwana uku yana yi, tunda ga shi babu abin da ya gyaru.

Baballe ya matso, ya sassauta murya, ya ce idan baƙi sun tafi akwai maganar da yake so su yi su biyu.

Maharazu bai ji ba. Ya ce ya maimaita.

Baballe ya maimaita. Nan ma Maharazu bai ji ba.

"Ka buɗe baki ka yi magana kamar namiji," in ji Maharazu. "Me ke damun kayana?"

Baballe ya dubi mutane, ya dubi Maharazu. Ba shi da wata hanya. Ya ɗaga murya yadda za ta isa.

"Alhaji, kayanka lafiyarsu ƙalau. Kunnenka ne ya kamata a duba."

Sai Garzali ya fashe da dariya, irin dariyar da mutum yake riƙe ciki. Wasu suka sunkuyar da kai suna danne tasu. Maharazu ya tashi ya shige cikin gida, baƙi suka watse ɗaya bayan ɗaya ba tare da sallama ba.

Washegari da hantsi ƙarti huɗu daga cikin masu dakon buhu a kamfaninsa suka dira a shagon Baballe. Suka ce Alhaji ya gano an cire masa kwalabe na asali an sa masa na jabu. Suka birkice shagon suna neman kwalaben. Rediyoyin mutane da talabijin suka riƙa faɗowa daga kanta suna fashewa. Kasuwa ta taru tana kallo. Suka riƙe wa dattijon wuyan riga, suka ja shi a ƙasa har kamfani.

Maharazu yana tsaye a ƙofar ofis. Baballe ya rantse masa da Allah bai ɗauki ko ƙusa ba, ya tuna masa tun yaushe suka san juna. Maharazu ya ce a caje shi. Ba a sami komai ba sai 'yan canji da sukundireba da abin shaƙarsa. Maharazu ya karɓi abin shaƙar ya jefa a aljihunsa, ya ce a kulle shi a siton buntu, idan ya tuna inda ya kai kwalaben sai ya buga ƙofa.

Siton na kwano ne, ba taga, cike da buntun shinkafa har rabi. Watan Afrilu ne, zafin da ko a inuwa mutum yana jiƙewa. Ko mai lafiya ya shiga wurin minti goma sai ya fito yana tari.

Baballe ya buga ƙofa. Ya daɗe yana bugawa. Ma'aikata suna ji, amma babu mai ƙarfin halin buɗewa. Ɗaya daga cikinsu ya shiga ofis ya ce Alhaji, mutumin nan fa numfashinsa ya canza. Maharazu ya ce duk wanda ya taɓa kwaɗon nan ya ɗauki takalminsa ya bar kamfanin.

Matar Baballe, Hawwa, ta zo da gudu ko mayafin kirki ba ta ɗauka ba. Ta zube a ƙofar ofis tana roƙo, ta ce ko abin shaƙar ne a miƙa masa ta ƙarƙashin ƙofa. Maharazu ya rufe ƙofar ofis ɗinsa, ya ci gaba da duba samfurin shinkafa a faranti.

Sai bayan la'asar, da limamin unguwa ya zo da dattawa uku suka tsaya masa a kai, sannan ya jefo makulli. Lokacin an daɗe da daina jin bugun ƙofa. Aka sami Baballe kwance a kan buntu, leɓɓansa sun yi baƙi, yatsunsa sun dauje saboda dukan kwano. A keke mai ƙafa uku aka kai shi asibiti. Kwana tara ya yi a gado.

Ya tashi, amma ƙirjinsa bai koma daidai ba. Shagonsa ma bai tashi ba. Waɗanda kayansu suka fashe suka riƙa zuwa suna zage-zage. Waɗanda suka san halinsa suka yi shiru, domin rabin garin a wurin Maharazu suke casa, wasu kuma shi ke ba su taki da iri. Maganar mai kuɗi ta zauna: Baballe ɓarawon kwalba ne. Har a masallaci mutane suka fara matsar da takalmansu idan ya shigo.

Bayan wata biyu ya rufe shagon da ya yi shekara talatin a ciki. Shi da Hawwa suka koma Bunkure wurin danginta. Mutumin da bai taɓa riƙe fartanya don neman abinci ba ya koma bin gonakin albasa yana aikin ƙodago, yana yi yana tsayawa yana haki.

Maharazu kuwa ya ɗauko wani injiniya takanas daga Legas, ya biya masa jirgi da masauki, don ya maye kwalaben da aka sace. Injiniyan ya buɗe kayan, ya duba lambar kowace kwalba ya gwada da takardun da suka zo da su. Ya ce babu wadda aka canza, duk na asali ne. Ya ƙara da cewa duk wanda ya yi musu gyara na ƙarshe ya san aikinsa, don ya fi shi tsabtar hannu.

Hajiya Khaulat tana bayan labule, ta ji komai, domin dole injiniyan ya yi magana da ƙarfi.

Da baƙon ya tafi ta fito, ta ce Alhaji ka ji tsoron Allah, Bunkure ba nisa, ka je ka nemi gafarar bawan Allahn nan, ka wanke shi a idon jama'a. Maharazu ya ce idan maganar nan ta fita daga gidan, ita ma ta bi ta. Ya sanar a gari cewa injiniya ya tabbatar da satar.

Daga ranar ya san gaskiya. Ya san Baballe bai ɗauki komai ba, ya kuma san abin da ya faɗa a gaban baƙi haka yake. Amma ya zaɓi ya ci gaba da zama a gaban sifikunsa kullum, yana ƙure ƙara har ƙarshe, kamar zai tilasta wa kunnen ya ji.

Shekara guda aka yi a haka.

Abin ya fara fitowa fili. A masallaci liman ya yi sujada, Maharazu yana tsaye shi kaɗai a sahun gaba. A waya masu sayen shinkafa su ce abu kaza, shi ya ji wani abu daban, a loda abin da ba a nema ba, a yi rigima. Da yawa suka gaji suka koma wasu injinan. Ma'aikatansa suka gane suna iya zaginsa a bayansa, yana tsaye, bai sani ba.

Wata safiya ya fito daga kamfani zai tsallaka babban titi. Wata motar tumatir ta taho tana ta danna oda, mutane suna ta ihu suna kiran sunansa. Bai waiga ba. Direban ya yi iya ƙoƙarinsa, amma gefen motar ya ɗebe shi. Ƙafarsa ta dama ta karye gida biyu.

A asibiti a Kano, bayan an yi masa aikin ƙafa, likita ya lura sai ya yi tambaya sau uku kafin ya amsa. Ya tura shi gwajin kunne. Da sakamako ya fito, a takarda likitan ya rubuta masa bayani, don ya gaji da ɗaga murya. Kunnen hagu ya tafi gaba ɗaya. Na dama saura kaɗan. Ƙarar inji ce ta fara lalata su, ƙarar da yake sha a falo ta ƙarasa. Da ya zo shekara guda ko biyu da suka wuce, da an ceci wani abu. Yanzu babu magani, sai dai a ba shi ɗan abin da ake maƙalawa a kunne, shi ma ba lallai ya yi wani tasiri ba.

Maharazu ya karanta takardar sau biyu, ya ninke ta, ya juya fuska ga bango.

Da ya dawo gida ya ce a sayar da kayan, ba ya son ganinsu. Dillali ya ce shi ba ya karɓar na hannu. Garzali bai ɗauki waya ba. Wani mai kiɗan biki ya zo ya duba, ya ce waɗannan ba za su yi masa aiki a fili ba, kuma idan kwalba ɗaya ta mutu ina zai samo ta. Aka lulluɓe su da tsohon zani aka bar su a wurin.

Wata uku yana kwance, ba ya jin masu zuwa dubiya, ba ya jin kiran salla, sai wani zuuu da ke cikin kansa ba dare ba rana. A wannan kwanciyar ce Baballe ya riƙa faɗo masa a rai. Ranar da ya fara takawa da sanda, ya ce wa direba ya kai shi Bunkure.

Suka bi ta gefen magudanar ruwa, suna tambaya har suka sami gidan, wani ɗan gidan ƙasa a ƙarshen gari. Hawwa ce ta fito. Ta gan shi da sanda da abin kunne, ba ta gaishe shi ba, ba ta kuma kore shi ba. Ta ɗaga labulen wani ɗaki, ta koma bakin murhu.

Baballe yana kwance a kan tabarma, an tokare masa baya da filo don ya samu ya yi numfashi. Ya rame har ƙasusuwan wuyansa sun fito. Wata huɗu ke nan bai fita gona ba.

Maharazu ya ajiye sanda, ya durƙusa da ƙyar saboda ƙafar. Ya faɗi komai. Ya ce ya san bai ɗauki komai ba, ya sani tun shekara guda da ta wuce, ya ɓoye. Ya ce maganar da ya faɗa masa gaskiya ce, girman kai ne ya hana shi karɓa. Yana magana yana kuka, muryarsa tana fita da ƙarfi har maƙwabta suna ji, don shi ba ya jin kansa.

"Yaya Baballe, ka yafe mini. Don Allah ka yafe mini."

Baballe ya daɗe yana kallonsa. Sannan leɓɓansa suka fara motsi. Ya yi magana mai ɗan tsawo, yana yi yana tsayawa ya ja numfashi. Fuskarsa ba ta nuna fushi ba, ba ta kuma nuna murmushi ba.

Maharazu bai ji ko kalma ɗaya ba.

Ya matso da kunnen dama har kusa da bakin dattijon. Abin kunnen ya ɗauki wani fito mai tsini, ya cire shi ya jefar. Ya roƙe shi ya maimaita. Baballe ya buɗe baki zai sake, sai tari ya sarƙe shi, irin tarin da ke naɗe mutum gida biyu. Hawwa ta shigo da sauri ta tallafe shi, ta yi wa Maharazu nuni da hannu ya fita.

Ya jira a waje fiye da awa ɗaya. Da ta fito ya tambaye ta me mijinta ya ce. Ta matso ta ɗaga murya, ta ce ita ba ta ɗakin, ba ta ji ba, kuma yanzu ya samu barci, kada a tashe shi.

Ya ce zai dawo jibi da mota a kai shi babban asibiti, zai zo da takarda da biro don Baballe ya rubuta masa amsar.

Da ranar ta zo ya dawo. Tun daga nesa ya hango tabarmi a ƙofar gida da mutane zazzaune. An kai Baballe makwancinsa tun jiya da azahar.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya, Alhaji Maharazu ya miƙe a masallacin unguwarsu a Kura bayan an idar da salla, ya dogara sandarsa, ya gaya wa jama'a cewa Baballe bai taɓa satar masa komai ba, shi ne ya yi masa ƙazafi. Mutane suka saurara, suka ɗauki takalmansu suka tafi. Cikinsu har da waɗanda suka tsaya kallo lokacin da ake jan dattijon a ƙasa.

Ya aika wa Hawwa buhunan shinkafa, ta mayar. Ya je da kansa, ya sake roƙonta ko marigayin ya gaya mata wani abu a kansa kafin ya cika. Ta sa aka rubuta masa amsa a takarda, don kada ya ce bai ji ba:

"Shekara guda yana da sauran murya, kai kuma kana da sauran kunne, ba ka zo ba. Ni bai gaya mini komai ba."

Alhaji Maharazu yana nan da ransa a Kura. Ya tambayi limamin Bunkure, ya tambayi waɗanda suka yi wa Baballe wanka, ya tambayi maƙwabtan da suka ji kukansa a ranar. Kowa ya ji roƙon da ya yi. Babu wanda ya ji amsar.

Darasi: Wanda ya gaya maka aibinka don ka gyara ba maƙiyinka ba ne, kada girman kai ya sa ka hukunta shi don ya faɗi abin da kowa yake tsoron faɗa. Dukiya tana sayen kaya mafi tsada, amma ba ta gyara abin da ya lalace a jikin mai ita ko a zuciyarsa. Idan kuma ka san ka zalunci wani, ka je ka nemi yafiyarsa yau, tun yana iya amsawa kana iya ji. Ku tura wa 'yan uwa da abokai wannan labari, wataƙila akwai wanda ya daɗe yana ɗage irin wannan tafiya.